Ƙanena na son ya kai mu dajin da ake dafa siro na erabul a Kanada, wa ya taɓa zuwa?

Maman Rabi, Bukoki (Yamai):

Salamu alaikum jama'a, ina wuninku, ya gida ya iyali. Don Allah tambaya gare ni ga waɗanda ke zaune Kanada ko sunka taɓa zuwa. In Allah ya yarda bayan ƙaramar salla za mu tafi Monreyal ni da innarmu da yarana biyu wajen ƙanena, matarshi ta haihu kuma inna ta ce sai ta ga jikanta da idonta. To shi tun yanzu ya hana mu sakat a WhatsApp wai ya shirya muna fita guda, zai kai mu wani wuri bayan gari da suke ce ma kaban a sukur, wai bukka ce cikin daji inda ake tatsar ruwan icce a dafa shi ya koma siro. Ya turo hoto, ni dai bokitai na gani rataye jikin itatuwa da ƙanƙara ko'ina da doki na jan amalanke, sai yara na tsotsar wani abu jikin tsinke.

Abin da nike son sani, na farko abin na da kyan gani da gaske ko dai irin yawon buɗe idon nan ne da ake karɓe ma mutum kuɗi a banza? Na biyu inna da ta ji an ce ruwan icce ake tatsa sai ta ce ita fa ba ta zuwa wurin bammi, na ce mata ba shi ba ne amma ni kaina ban iya yi mata bayani ba. Na uku abinci, don ance ana cin abinci wurin kuma na san mutanen nan da alade. Sai kuma sanyi, inna ta tsufa, ko sanyin Yamai na Janairu da kyar take fita tsakar gida, ƙaramin yarona kuma shekararshi huɗu. Wanda ya sani ya taimaka don Allah, kar mu je mu wahal da tsohuwa.

Ɗan Adar a Kebek:

Wa alaikumus salam Tanti, Allah shi kawo ku lahiya, Allah shi raya abin da anka samu. Ni ɗan Tawa na, amma nan nike zamne, kuma duk baƙon da yaz zo min cikin watan Maris ko Afrilu can nika hwara kai shi. Ku tahi, kar ki ko yi shawara. Amma akwai sharaɗi guda, bari in yi miki bayani tun daga tushe sai ki gane dalili.

Iccen ga da ake ce ma erabul shi na wanda ganyenshi ke bisa tutar Kanada tun 1965. Lokacin zahi yana tara abinci cikin jikinai da saiwoyi, in hunturu ya kusa ƙarewa abin ga sai shi juye shi koma sukari cikin ruwan iccen. To ruwan ba ya hitowa haka kawai don an huda. Sai dare ya yi sanyi ƙasa da sihiri har ruwa ya daskare, in gari ya waye kuma rana ta ɗan ɗumama ta hau sama da sihiri kamar digiri 4 ko 5. Sanyin dare shi ka sa icce shi zuƙo ruwa daga ƙasa, ɗumin rana kuma shi turo shi waje ta hudar. In sanyi ya riƙe dare da rana ba ɗigo ko guda, in ɗumi ya riƙe dare da rana nan ma shiru. Shi ya sa duka kakar ba ta wuce sati huɗu zuwa shida, daga ƙarshen Fabrairu ko cikin Maris zuwa wajen ƙarshen Afrilu, kuma da zaran icce ya hwara toho an gama, ɗanɗanon ruwan ya ɓaci sai wata shekara. Ku da za ku zo bayan salla kun hwaɗo tsakiyar abin.

Yadda ake yi tun na kakanni, ana huda jikin icce ɗan rami kamar santimita 4 ko 5, a kafa ɗan bututu, a rataya bokiti mai marhi don kar ruwan sama da ganye su hwaɗa. In kin tsaya shiru kina jin ɗigon na sauka tal, tal, tal. Ki ce a ba yara su ɗanɗana daga bokitin, za su yi mamaki don ruwa na garai-garai kamar na pampo, zaƙin ɗan kaɗan na, sukarin ciki bai wuce kashi 2 zuwa 3 cikin 100 ba. Nan aikin yake. Sai an dahwa kamar litar 40 na ruwan ga kahin a samu litar guda ta siro. Ki lissafa da kanki itace nawa za a ƙona.

Cikin bukkar akwai wani dogon kasko na ƙarhe mai hwaɗi, an raba shi gida-gida, ƙarƙashinai murhu na da ake cusa ma itace ba tsayawa. Ruwa na shiga ta kai guda yana bin gidajen yana tahwasa yana raguwa, launinshi na sauyawa daga hwari zuwa ruwan ɗorawa zuwa ja-ja, kahin shi kai ɗaya kan ya yi kauri. Tururi ya cika ɗakin har rufin ma an buɗe mishi kafa ta sama don shi hita, kina shiga tabarau ya rufe, ƙamshin kuma har cikin tufahi za ki koma gida da shi. Mai dahuwar na tsaye da ma'aunin zahi, in ya kai wajen digiri 104 sukari ya kai kashi 66, sai shi buɗe pampo shi tsiyaye, a tace da ƙyalle mai kauri a zuba gwangwani tun da zahinai. In ya yi sakaci kaɗan ya wuce sai shi yi tsakuwar sukari, in bai kai ba kuma shi yi tsami daga baya. Ki ce ma inna in ta taɓa ganin dahuwar mazarƙwaila to ɗan uwanta na, bambancin can rake ake matsewa, nan icce na tsaye da ranshi yana bada nashi. Zancen bammi kuwa babu shi, shi wancan aje shi ake yi shi kwana shi yi tsami, wanga kuwa gudun tsamin ma ake yi, shi ya sa ake dahwa shi da wuri, wani lokaci su kwana gaban wuta in ruwa ya zubo da yawa. Ba abin da ake ƙara mishi, ko sukari ko kala.

Abin da kika gani yara na tsotsa shi ake ce ma tir. Siro na ake ƙara dahwawa har shi kai wajen digiri 113 zuwa 115, a zuba shi layi-layi bisa dusar ƙanƙara mai tsabta da anka daddale cikin kwami na katako, ki ƙirga kaɗan shi ɗan sandare sai ki sa tsinke ki naɗe. Alewa mai ɗumi da sanyi lokaci guda. Ɗan shekara huɗun ga sai kin janye shi da ƙarhi.

To ga sharaɗin. Wurare da yawa yanzu sun koma gidan cin abinci kawai, babban zaure na ɗaruruwan mutane da kiɗi, a cika miki ciki a miƙa miki tsinke guda ki koma mota ba ki ga wuta ba ba ki ga tururi ba. Ki ce ma ƙanenki shi buga waya shi tambaya ko suna dahuwa wurin kuma ko ana barin baƙi su shiga bukkar, kuma shi dubi meteyo shi zaɓi ranar da daren jiya ya daskare rana ta hito. Shi nemi ƙaramin wuri na iyali ko da ya hi nisa. Akwai su da yawa wajen Mont-Saint-Grégoire da Mirabel da Rigaud, duka tahiyar awa guda ko ƙasa da haka daga Monreyal. In ba za ku ga dahuwa ba gara ku sayi gwangwani a kanti ku zamna gida.

Hajiyar Yantala:

Maman Rabi sannu, barka da arziki. Ɗan Adar ya gama da zancen icce, ni bari in taɓa na ciki don nan ne matsalar take, ɗiyata na aure can kuma na je wurin da su. Zarginki gaskiya ne ƴar uwa, abincin gargajiyarsu na wurin kusan duk alade ne. Jambo, sosis da ake dafawa cikin siro, wani soyayyen kitse mai ƙaras-ƙaras da suke ce ma orey da kiris wanda in ba ki sani ba sai ki ɗauka wani abin taunawa ne na yara, da wani nikakken nama da ake shafa ma burodi. Waɗannan ko ba a faɗa miki ba ido zai gane. Masu haɗarin su ne waɗanda ba su nuna kansu, wake da ake dafawa da kitsen alade, miyar pitipuwa da ake jefa ma ƙashin jambo, har ƙwai wani wuri da kitsen ake soya shi ko a yanka jambo ciki, kuma ɓawon tart ɗin sukari ma wasu da man alade suke murza fulawar. Kar ki ji kunyar tambaya, sun saba, amma ba ranar za ki tambaya ba, tun wajen rezarbasiyo. Akwai wuraren da ke yin abinci ba alade, akwai masu yin na ganye zalla, akwai ma masu yin halal in an yi oda tun da wuri don musulmi na da yawa a Monreyal. In ba a samu ba kar ku fasa tafiya, wurare da dama suna yarda a biya kuɗin shiga da na tir kawai ba sai an ci abinci ba, ku soya kajinku a gida ku ci cikin mota. Kirep da siro da wasu ƴan curin fulawa da ake dafawa cikin siro su dai galibi lafiya lau ne amma su ma a tambayi man.

Salla kuma ku yi alwalla tun gida, in lokaci ya yi ku tambayi mai wurin ya nuna muku kusurwa. Na faɗi haka ne don a 2007 an taɓa yin cece-kuce sosai a jaridun Kebek kan wasu musulmi da sunka yi salla a irin wannan wurin, daga baya kwamitin bincike na gwamnatin Kebek da ake ce ma Bouchard-Taylor ya nuna cewa da yardar mai wurin sunka yi kuma an zuzuta labarin ne. Abu ya wuce tuni, amma neman izini bai rage ma kowa komi.

Sai sanyi. Ba shi ne mugun sanyin Janairu nasu ba, tunda ai sai rana ta ɗumama ruwan ke zuba, amma ga wanda ya baro Yamai ana digiri 40 da wani abu to sanyi ne na gaske. Abin da ya fi sanyin ma damuwa shi ne ƙasa, ƙanƙara na narkewa ta haɗu da laka ta yi caɓi, ga santsi. Takalmin roba ko bot wanda ruwa bai shiga dole ne ga kowa, da safa biyu, kar wanda ya sa basket. Inna ta sa dogon wando mai kauri ƙarƙashin zane, tirko, manto, hular ulu ƙarƙashin hijabi, safar hannu. Kar ku sayi komi a Yamai ku cika baliz, surukarku ta aro muku wajen maƙwabta. Ita inna da kun isa a samo mata kujera kusa da murhu cikin bukkar, wurin ɗumi ne ƙwarai, ku ku tafi yawon doki ku bar ta tana kallon mai dahuwa. Uwar mijin ɗiyata haka ta yi, ba Faransanci ba komi amma sai da ta nuna ma bature da hannu cewa itacen da yake sawa ɗanye ne. Ku sa ido kan ƙaramin kusa da kaskon, kuma ki ɗauko ƙyalle jiƙaƙƙe cikin leda don tir na kama hannu da gashi da manto duka.

Baban Sani, Tawa:

Ni dai ban taɓa zuwa ba kuma ban ga ranar zuwa ba, amma bari in sa baki. Yanzu fisabilillahi a ɗauki tsohuwa daga nan a kai ta cikin daji cikin ƙanƙara don ta ga ana tafasa ruwa? Kuma litar 40 a samu guda, wannan ai ɓarnar itace ce, mu nan da ake hana mu sare ko reshe. Kuma ina tambaya, iccen da ake huda duk shekara ana zuƙe mishi ruwa ba mutuwa yake ba? Abu na ƙarshe Hajiya Maman Rabi, in inna na da ciwon sukari ko tansiyo ku yi hankali, mutane na jin an ce daga icce yake sai su ɗauka magani ne. Sukari sukari ne ko daga ina ya hito.

Ɗan Adar a Kebek:

Baban Sani ranka shi daɗe, zancenka na ƙarshe gaskiya ta tsantsa, ba ni da ja. Kashi biyu cikin uku na siro sukari na, irin dai wanda ke cikin rake, mai diyabet shi lasa kaɗan shi aje tsinke.

Amma icce ba ya mutuwa. Ba a taɓa shi ma sai ya kai wajen shekara 40, kaurinai ya kai santimita 20 ko hiye, ƙarami huda guda ake mishi, babba ƙwarai biyu ko uku. Abin da ake ɗiba kaɗan na cikin abin da ya tara, kuma in kaka ta wuce ana zare bututun ramin shi warke da kanshi, baɗi a huda wani gehe. Akwai itatuwan da kaka ya huda, jika na hudawa yau. Mai dajin ya hi kowa tsoron iccenai shi mutu tunda wanda ya shuka yau ba shi zai tatsa ba. Itacen wuta kuwa yawanci matattu da waɗanda iska ya kada suke tsincewa cikin dajinsu, kuma ƙasar ba irin tamu ba ta, daji na har ya yi musu yawa.

Manyan masu sana'ar ma sun bar bokiti tun wajen shekarun 1970, yanzu tiyo na roba shuɗi za ka gani ya bi daji daga icce zuwa icce kamar wayar kuran, pampo na zuƙowa zuwa tanki, sannan wata na'ura ta cire mahi yawan ruwan kahin a kai wuta, wasu ma da gazuwal ko kuran suke dahuwa. Bokiti da doki an bar su don baƙi da masu son gargajiya. Asalin abin ma ba na turawa ba na, mutanen ƙasar na hwarko da Faransawa sunka tarar su sunka san ruwan iccen ga, suna tsaga ɓawo da gatari suna tarewa da ƙwaryar ɓawon icce, turawa sunka koya sunka kawo tukunyar ƙarhe.

Kuma kar ka raina tafasa ruwan ga. Jihar Kebek ita kaɗai ke bada kusan kashi 70 cikin 100 na siron erabul na duniya, a Amurka kuma jihar Vermont ta hi kowa. Ƙungiyar manomansu har rumbun tsimi gare ta na ganguna, shekarar da ruwa ya zuba da yawa a aje, shekarar da sanyi ya ƙi a hiddo don kar farashi shi haukace. A 2012 anka gano ɓarayi sun kwashe kusan tan 3,000 daga wani sito nasu a Saint-Louis-de-Blandford, na wajen dalar Kanada miliyan 18, suna zuƙe siro suna maida wasu ganguna cike da ruwa, wasu kuma ba komi ciki. Sai da mai ƙidaya ya hau bisa ganga ta nemi kada shi don ba komi ciki sannan asiri ya tonu. An kai mutane kaso kan wanga zance.

Maman Rabi, Bukoki (Yamai):

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta ma inna duka, zancen satar ganguna ya hi komi ba ta dariya, ta ce ashe can ma akwai ƴan hannu. Ta yarda za ta je in dai akwai kujera kusa da wuta. Baban Sani na gode da tuni, sukari dai ba ta da shi alhamdu lillahi, tansiyo ne kuma tana shan magani. Na tura ma ƙanena ya ce wurin da ya yi niyya da fari babban zauren nan ne, yanzu zai nemi ƙarami ya buga musu waya. Hajiya wata tambaya, tsaraba fa? Don tun yanzu ƴan gidanmu da na wajen aiki kowa ya ce a kawo mishi, wane iri zan saya kuma zai jure zafinmu?

Hajiyar Yantala:

Ki sayi na gwangwani, shi ne mai 540 ml da hoton bukka a jiki, ya fi arha kuma bai fashewa. Kwalaben nan masu siffar ganye kyan ido ne kawai, kuɗi da yawa siro kaɗan. Ki duba an rubuta erabul zalla ne, don akwai wani na kanti mai arha da ake zuba ma kirep wanda ruwan sukarin masara ne da ƙamshi, ba shi ba ne. Kala huɗu ne, mai ruwan zinariya na farkon kaka ɗanɗanonshi sanyi-sanyi, sai mai ruwan zuma, sai mai duhu, sai baƙi sosai na ƙarshen kaka. Mutanenmu in kin kawo musu na farkon cewa za su yi ruwan sukari ne kawai, ki ɗauko na biyu ko na uku, shi ke fitowa cikin kunu da yawur da fanke.

Cikin babbar baliz za ki sa ba jakar hannu ba, in ba haka ba a karɓe a filin jirgi tunda ya wuce 100 ml. Kuma ki yi lissafin kilo, kowane gwangwani siron ciki kaɗai ya haura giram 700, goma sun ci miki kusan kilo takwas. In ba a buɗe ba zafi bai mishi komi, yana daɗewa. In an buɗe a juye cikin kwalba mai marfi a sa firigo, in an bar shi waje furfura yake yi a sama, ki gaya ma duk wanda kika ba, musamman da yadda kuran ke ɗaukewa cikin Afrilu da Mayu. Akwai wani mai kauri kamar man shanu da ake shafa ma burodi, za ki so shi ƙwarai, amma ku ci abinku can don shi sanyi yake so, kafin ki iso Bukoki ya rabu biyu. Wanda ba shi da firigo ki kawo mishi sukarin erabul, na gari ko na dunƙule.